Langar Paulina a Taswirar Kurmin Kogi

A duk faɗin Ikara da Makarfi da Kudan, ba a taɓa yin mutumin da ya gina rijiyoyi da masallatai da majami'u kamar Ilisha Ɗan'azumi ba. Gwamnonin soja sun zo sun tafi, babu wanda ya kama ƙafarsa. Shi kaɗai, ba lebura ba siminti, a rani guda ya wadata Likoro da Malikanchi da rijiyoyi, ya ƙara musu da rumbuna. Illar dai ita ce mafi girman gine-ginensa bai kai ƙwayar wake ba, kuma da zarar an ɗauke wuta sai su ɓace gaba ɗaya.

Ilisha mai zanen taswira ne a ofishin wani aikin raya karkara da ke Ikara. An haife shi a Unguwar Sada, wani ɗan ƙauye a yankin Kurmin Kogi da ya maƙale tsakanin fadama da kurmi. Mahaifinsa yana cikin mutanen farko da suka shiga addinin Kirista a wurin, sunan Ɗan'azumi kuwa mahaifin ya samo shi ne don an haife shi cikin azumin maƙwabta. Ilisha ya yi firamaren mishan, inda ya fi yin suna wajen ɓata bangon aji da gawayi. Da ya girma sai ya tafi Makarfi yana yi wa motocin rake zanen zakuna da dawisu. Daga nan wani ma'aikacin safiyo mai awon ƙasa ya lura hannunsa ba ya rawa, ya kai shi ofis, aka ba shi tebur da tawada da takarda mai shara-shara, ya zama mai kwafin taswira.

Matarsa Paulina 'yar unguwarsu ce, mai dambu. Duk ranar kasuwar Ikara za ka gan ta da farar langa mai jan fure a ka, tana tafe tana yi wa masu keke tsiya. Ba ta yi boko ba, abin kuma bai taɓa hana ta barci ba. Wata rana Ilisha ya zo gida da taswirar da ya kwafa, ya shimfiɗa a tabarma don ya burge ta.

"Ga garinmu nan," in ji shi, yatsansa a kan wani ɗigo.

"Ina?"

"Nan."

"Wannan kashin ƙudan?" Ta sunkuya ta duba, ta ɗago. "Baban Irene, ashe duk gugar rigar nan da nake yi maka, kashin ƙuda kake zuwa yi wa gwamnati? Ina rijiya? Ina tsamiyar Yaya Isaiah? In da gaske garinmu ne, nuna mini inda nake ajiye langata."

Ya ce ai ga suna nan a rubuce a gefe.

"To ka yi wa masu karatu. Ranar da ka yi wadda ni zan duba in gane, ka kira ni."

Ya yi dariya ya naɗe takardarsa. Bai samu ya kira ta ba. A daminar shekarar da fetur ya ɓace daga gidajen mai, zazzaɓi ya kama ta. Kafin a samo mota mai mai a tanki, an daina buƙatar asibiti. Motar dai ba ta zo a banza ba, ta yi amfani wajen kwaso masu gaisuwa.

Mutanen Unguwar Sada wuri ɗaya suke da shi na rufe matattu, wani siririn tudu da ya miƙe tsakanin fadama da rafi, don nan kaɗai ne ruwa ba ya kwanciya. Saboda ƙarancin faɗinsa, kaburburan a jere suke, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu jiran awo. Tsohuwar hanyar amalanke in ta iso wurin sai ta yi kwana ta kewaye. Suna kuma da al'ada tun kafin zuwan mishan: in mace ta rasu, sai a kife kwanonta a kan kabarin, a huda gindinsa da ƙusa don kada ya yi wa ɓarawo amfani. Isaiah, yayan Paulina kuma dattijon majami'arsu, shi ya riƙe langar. Ilisha ya buga ƙusar. Mutumin da hannunsa ba ya rawa, sai da ya kuskure ya sami yatsan surukinsa.

Bayan shekara biyu kwamfuta ta iso ofis. Kyauta ce daga wasu masu ba da agaji na ƙasar waje, suka aiko ta daf da lokacin da suka ɓata da sojoji, shi ya sa wanda ya zo koyar da ita bai daɗe ba ya tattara ya tafi. Malam Jumare, shugaban ofis, ya ware mata ɗaki, ya lulluɓe ta da farin ƙyalle mai aiki, ya kafa doka a riƙa cire takalmi a ƙofa. A cikinta akwai manhajar taswira, kuma manhajar ta zo da alamominta na sakawa a kan wurare: jirgin sama, ƙugiyar jirgin ruwa, tutar filin wasan attajirai, da wani mutum mai sulɓi a kan ƙanƙara.

"Wannan fa na mene ne, Yallaɓai?" in ji Hassana, mai buga takardun ofis.

"Wurin wasan ƙanƙara."

"To a sa wa Kudan. Kullum suna cika mana baki sun fi mu sanyi."

Babu rijiya, babu rumbu, babu ruga. Ilisha ya zauna gaban na'urar makonni, duk sa'ad da aka kawo wuta, don janareton ofis ya daɗe da manta ɗanɗanon gas. Yana cikin lalube ya gano cewa mutum yana iya zana alamarsa da kansa. Wani ɗan fili ne yake buɗewa mai gurabu kamar na dara, ka bi su ɗaya-ɗaya kana cika kowanne da launi. In ka gama ka adana, sai manhajar ta ƙanƙantar da hoton ta dasa maka shi duk inda ka nuna a taswira.

Ranar bai ci abincin rana ba. Ya fara da rijiya da gugarta. Ya yi rumbu da jinkarsa, ya yi masallaci, ya yi majami'a, ya yi injin niƙa. Ya yi saniya don rugage, Hassana ta ce akuya ce mai ciki, ya goge ya sake har ƙahonin suka fito. Labari ya bazu. Manoman da suka zo neman taki suka ji babu, sai su cire takalmi su shiga kallo, don kada zuwan ya tashi a banza. Wani tsoho daga Malikanchi ya nuna gilashi da sanda ya ce rijiyarsu ce waccan, amma gugarsu ta fi wannan tsufa.

Abu ɗaya Ilisha ya ƙi yi, shi ne rubuta suna a gefen hotunan. Malam Jumare ya yi masa magana, Ilisha ya ce, "Yallaɓai, hoton da sai an rubuta masa suna ai bai zama hoto ba." Malam Jumare ya ji maganar ta yi kama da ta masu ilimi, ya riƙa maimaita ta ga baƙi a matsayin tasa.

Da ya zo kan tudun Unguwar Sada sai ya tsaya. Gicciye ya riga ya ba majami'a, wani irinsa kuma na asibiti ne. Ya daɗe yana kallon gurabun nan babu komai a cikinsu, sannan ya fara jera fari. Ya fitar da bakin langa a kife, da baƙin layin da ya zagaye shi, da wurin da fentin ya ɓantare ranar da ta faɗi a kasuwa. Furen ne ya wahalar da shi, don gurabun ba su isa a yi ganye yadda ya kamata ba. A ƙarshe ya ɗiga baƙi guda a tsakiya, hudar ƙusa.

Hassana ta leƙo ta bayansa. "Malam Ilisha, yanzu har masu dambu za a sa a taswira? To kada ka manta da mai ƙosan bakin tasha, in ba haka ba..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta sha cin dambu daga langar nan. Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta koma kan tafiretarta ta zauna ba ta buga komai ba.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, ya ɗauki igiyar awo ya auna kaburburan tudun duka, ya zo ya dasa kowanne a daidai wurinsa. Kowa ya sami langa, har mazan da da ransu ba za su yarda a gan su da ita ba. Ta Paulina ce ta kusa da ƙarshe, wajen rafi. Tun daga ranar, in ya kunna na'ura da safe, can yake fara zuwa kafin ya shiga aikin gwamnati.

Ana haka rediyo ya sanar cewa gwamnan soja ya amince a yi hanyar da za ta fitar da tumatir da rake daga Kurmin Kogi zuwa babban titi. Hedikwatar aikin a Kaduna ta aiko a tura mata taswirar yankin. Cikin makon Isaiah ya zo ofis a kan kekensa. Ya gai da Ilisha, ya tambayi aiki da gajiya da Irene da ke karatu a Zariya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Dattawa sun zauna. Suna so su tafi wurin hakimi a ƙungiyance su roƙa kada hanyar ta taɓa tudun, su kuma kafa shinge da allo, su sa masu gadi har a gama aikin.

"Yaya, ku huta," in ji Ilisha. "Zo ka gani."

Isaiah ya cire takalmi ya shiga. Ilisha ya ja taswirar har tudun ya cika gilashi. Dattijon ya matso da fuskarsa, ya bi jerin da ido har wajen rafi, sai ya cire hularsa.

"Har da inda ta ɓantare," in ji shi.

"Har da shi. Takardar koke sai an ga dama a karanta, Yaya. Wannan kuwa ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya gani ya san akwai mutane kwance a nan. Injiniyoyin Kaduna wannan za su duba su ja hanyarsu. Na sa ta a taswira."

"Ka tabbata, Baban Irene?"

"Da hannuna."

Isaiah ya koma ya gaya wa dattawa. Ba su yi musu ba. A zamanin, mutane fiye da biyar in suka tsaya a ƙofar ofis sunansu masu zanga-zanga, kowa kuma yana da masara a gona da yake son ya girbe da kansa. Aka fasa zuwa wurin hakimi, aka fasa shinge.

Ya kamata a buga taswirar a takarda a haɗa, amma tawadar injin bugawa ta ƙare tun bara. Malam Jumare ya nema, aka amsa masa da cewa ƙasa tana cikin tsuke bakin aljihu. Ilisha ya ce bari ya kwafa da hannu kamar da. Malam Jumare ya dube shi da tausayi ya ce, "Malam Ilisha, mun wuce nan." Aka zuba taswirar a ɗan faifan kwamfuta, aka sa a ambulan, aka ba direba.

Da rani ya tsaya, wata safiya Isaiah ya sake zuwa. Mutumin da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi kajin gida, ranar bai yi sallama ba, bai cire takalmi ba.

"Ilisha. Taso."

Isaiah ya goya shi a keke. Tun daga nesa Ilisha ya ga tudun ya yi ja, ya baje, ya miƙe sumul har bakin rafi. Katafila tana tsaye a ƙarshensa. Direbanta ya kashe ta tun da ya ga abin da haƙoranta suka tono, amma a lokacin ya riga ya kai ƙarshen jerin. Yana zaune a ƙasa ya rufe fuska da hula. Mata suna kuka. Mazan unguwa da maƙwabtansu Musulmi da mutanen ruga suna bin jar ƙasar da kwanduna suna tsince abin da za a tsince. Sojoji biyu na zaune a gindin tsamiya suna gadin gangunan gas na ɗan kwangila.

Shugaban leburori ya buɗe wa Ilisha zanen da aka ba su daga Kaduna. "Oga, mu ba mu ƙara ba mu rage ba. Ga turakun awo nan a jere, ga layi a kansu. Shi muka bi. Da asuba muka fara, kwanukan ma mun ɗauka juji ne."

Ilisha bai saurare shi ba. Ya gangara wajen rafi yana tona ƙasa da hannu. Ya sami kwanuka da yawa a lanƙwashe, mai shuɗi, mai kore, wani ma tsatsa ta cinye furensa. Bai sami farar mai jan fure ba. Isaiah ya zo ya tsaya a kansa.

"Ka ce ka sa ta."

"Na sa ta, Yaya."

"Mu a ƙasa muka sa ta, ta zauna lafiya. Kai ka ɗauke ta ka sa a gilashi."

Da yamma aka haƙa rami guda a bayan majami'a aka rufe abin da ke cikin kwandunan gaba ɗaya. Ba a kife kwano ba, don ba a san na wa za a kife ba.

Malam Jumare ya ɗauki Ilisha suka tafi Kaduna neman bayani. Ilisha ya kwafi duk abin da ke cikin na'urarsa a faifai ya sa a aljihu. Injiniyan da ya ja hanyar, Zainulabidin, mutum ne mai ladabi, ya ba su kujeru ya buɗe taswirar da suka aiko. Babu rijiya, babu rumbu, babu saniya. Ko'ina baƙaƙen ɗigo ne iri ɗaya, ba suna, ba komai.

"Ina hotunan?" in ji Malam Jumare.

"Waɗanne hotuna, Yallaɓai?"

Da suka yi masa bayani sai ya dafe kai. Ya ce hotunan da mutum ya zana da kansa ba sa zama a cikin taswira. Suna da jakarsu daban a cikin na'urar da aka zana su. Taswirar sunan hoton kawai take riƙewa. In an kai ta wata na'ura ta nemi hoton ta rasa, sai ta ɗiga baƙi a wurin ta wuce. Su kuma a hedikwata, baƙin ɗigo shi ne turken awo.

"Na ga sun jeru tsaf a kan tudu, wuri mafi bushewa," in ji shi. "Har na ce kai, mutanen Ikara sun sauƙaƙa mana aiki. Tsohuwar hanya kwana take yi, ni na miƙar da ita ta bi su."

Ilisha ya zaro faifansa ya miƙa. Zainulabidin ya sa, ya kwafi jakar hotunan. Kafin Malam Jumare ya gama gyara zama, aikin ya ƙare. Rijiyoyi suka fito, rumbuna suka fito, shanu suka fito. A kan tudun Unguwar Sada fararen languna suka jeru, jan layin hanya ya ratsa tsakiyar kowacce.

Zainulabidin ya yi salati a hankali. Wani jami'i da ke wucewa da fayil ya tsaya ya leƙa. "Kai! Wa ya zana waɗannan? Kamar ka ɗauka ka zuba tuwo."

Ilisha ya roƙa a ƙara wa ta wajen rafi girma. Aka ƙara har gurabun suka fito fili, farare da jajaye da baƙin guda. Ya kalla iya son ransa, ya yi godiya, suka fito. Da suka wuce Zariya, Ilisha ya juya ga Malam Jumare.

"Da ta gani da ta gane, Yallaɓai."

Malam Jumare bai tambayi wa yake nufi ba.

An kafa kwamiti. Kwamitin ya gano cewa babu mai laifi, ya kuma ba da umarni cewa daga yanzu duk ofisoshi su tsaya ga alamomin da suka zo da na'ura. Ilisha ya yi sauran aikinsa yana sa wa rijiyoyin Likoro ƙugiyar jirgin ruwa, kasuwanni tutar wasan attajirai. Kudan ta sami mai sulɓinta. Da aka zo rage ma'aikata, sunansa yana ciki, bai yi ƙorafi ba.

Ya koma Makarfi yana zanen allunan shaguna. Hannunsa har yanzu ba ya rawa. Sai dai masu ba shi aiki suna ƙorafin abu ɗaya: in ya zana kaza, wadda ko yaro ya gani ya san kaza ce, sai ya rubuta KAZA a ƙasa da manyan baƙaƙe, ko ba a sa shi ba. Irene ta taɓa roƙonsa ya zana mata fuskar uwarta, don ba su da hoto. Ya ce sai ya sami fenti mai kyau. Isaiah yana amsa gaisuwarsa a majami'a, amma ba ya kaiwa ga kaji. In Ilisha ya je Unguwar Sada, ba ya tsayawa a ramin bayan majami'a. Wajen rafi yake zuwa ya tsaya a kan jar ƙasa, a wurin da shi kaɗai ya san awonsa.

Kafin daminar shekarar da aka fara hanyar aka canja gwamna, ɗan kwangila ya kwashe gangunansa, ba a yi gadar rafin ba. Motocin tumatir tsohuwar hanya suke bi, su yi kwana su kewaye. Sabuwar, a kanta ake shanya barkono.